Farin Rubutu a Shafin Munira

Kiran farko ya shigo ne ranar Laraba da hantsi. Munira tana zaune a inuwar bangon tsakar gida, da shadda ruwan toka a cinyarta, tana cike zanen adon da ake kira aska biyu a gaban wata riga da aka ce ana so kafin Juma'a. Ta soke allurar a jikin yadin ta ɗauki wayar.

"Ke ce Munira ta Zariya?" Muryar namiji ce, ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Ni ce. Ɗinki ake so?"

"Na ga hotonki. Nawa ne?"

"Wace riga ka gani? Akwai mai aska biyu, akwai kaftani na mata."

Mutumin ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ba rigar nake tambaya ba."

Sai da ta yi ɗan jim kafin maganar ta shige ta. Ta kashe wayar, ta kife ta a kan tabarma, ta waiga ko surukarta Hajiya Maijidda ta ji. Hajiya tana can ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Munira ta koma kan ɗinkinta, amma sau biyu tana soka allura a wajen zane. Kafin a kira azahar an kira ta sau shida. Biyu daga ciki ba su ma yi sallama ba.

Wata biyu ke nan da mijinta Sagiru ya buɗe wa sana'arta shafi a intanet. Shi ma'aikaci ne a sakatariya, ita kuwa tun tana budurwa take ɗinkin hannu, har ta kai tana raba aiki ga mata biyar a nan unguwarsu ta Kwarbai. Shi ya kawo shawarar, ya ce rigunan nan sun fi ƙarfin 'yan unguwa, ya kamata mutanen Abuja da Legas su gan su. Ya sa lambar wayarta a shafin, tunda ita ta san aikin. Ya kuma sa ta saka wani kaftani da ta ɗinka ya ɗauke ta hoto, bayan ta kafa masa sharaɗi ɗaya, cewa ban da fuskarta. Ya ce daga wuya zai yanke.

Da ya dawo daga aiki da la'asar ta jira ya ci abinci, sannan ta miƙa masa wayar.

"Abban Ummu, dubi lambobin nan. Duk yau suka kira. Ba wanda ya tambayi ɗinki."

Ya duba, sai ta ga fuskarsa ta saki maimakon ta ɗaure. "Goma sha huɗu a yini ɗaya? Ashe Zulkiflu ya iya aikinsa."

"Wane ne Zulkiflu?"

"Wanda na ba aikin ɗaga shafin. Akwai abin da ake cewa SEO, dabarar da za ta sa in mutum ya yi nema a Google shafinka ya fito a sama. Da can kamar a ƙasan rijiya muke, ba mai ganinmu. Yanzu mutane sun fara zuwa."

"Ba ka ji abin da suke faɗa mini ba ne."

"Intanet kasuwa ce, Munira. Da na kirki da 'yan iska duk suna ciki. Wanda ya yi miki maganar banza ki toshe lambarsa."

"To a cire tawa lambar a sa taka."

Ya girgiza kai. Ya ce ba a yin haka, in aka riƙa canza lamba da adireshi injin neman yana rikicewa, sai shafi ya koma ƙasa. Ta yi haƙuri na sati biyu kawai, masu saye na gaske suna tafe.

Ta yi haƙurin. Ta toshe lamba arba'in da wani abu, sababbi suka ci gaba da shigowa. Wasu saƙo suke turowa, wasu hoto, irin wanda in ta buɗe sai ta ji kamar ta wanke idonta. Ta daina ɗaukar lambar da ba ta sani ba, a haka ta rasa wata Hajiya ta Kaduna da ta saba yi wa mijinta riga, domin ta kira da sabon layi sau uku ba a ɗauka ba. Ta koma sa wayar a cikin kwandon zare, ta danne ta da yadi, don kada 'yarta Ummukulsum mai shekara bakwai ta ɗauka ta buɗe.

A sati na uku wani ya zo har ƙofar gida.

Bayan azahar ne, maza suna zaune a dakalin masallacin da ke kallon gidan. Wani mai babur ya tsaya, da gilashi baƙi a idonsa, yana duba wayarsa yana duba ƙofar. Ya shiga zaure ya ɗaga murya: "Ana sallama da Munira."

Hajiya Maijidda ce ta fita. Munira tana bayan katanga tana ji.

"Kai wane ne nata?"

"Baƙo ne daga Funtuwa. A intanet na ga adireshin. An ce nan take karɓar baƙi."

"Matar aure ce a gidan nan."

"To ai ban sani ba, Hajiya. Ba haka aka rubuta ba." Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi, mutanen dakali suka bi shi da kallo, sannan suka juyo suka kalli ƙofar.

Hajiya ta shigo ba ta ko gyara mayafinta ba. Ta tsaya a kan Munira.

"Shekara arba'in da biyu ina gidan nan, ba a taɓa tsayawa a zaure an kira sunan mace ba. Me kike yi da wayar nan?"

"Hajiya, wallahi ba ni ba ce. Shafin da Abban Ummu ya buɗe ne."

"Shafin tallar riga ne zai kawo namiji daga Funtuwa? Mata nawa ke sana'a a waya a garin nan? Ba a bin mace har gida sai in an ga fuska a wajenta."

Da Sagiru ya dawo, Munira ta zuba ido ta ga zai shiga wajen uwarsa ya yi bayani. Ya shiga, ya jima, ya fito. Ta tambaye shi me ya ce mata.

"Na ce mata zan bincika."

"Me za ka bincika? Kai ka sa adireshin gidan nan."

"Dole a sa adireshi, shi ke sa a yarda da kasuwanci. Hajiya tsohuwa ce, in na fara yi mata bayanin intanet sai mu kwana. Ki bar ta ta huce."

Hajiya ba ta huce ba. Ta daina amsa gaisuwar Munira sai da ka. In Munira ce da girki, sai ta ce azumi take yi.

Ranar Asabar Talatu ta shigo. Ita ce babba a cikin matan da Munira take ba aiki, shekara shida suna tare. Ta ƙi zama. Ta ajiye ƙunshin riga a bakin tabarma, an yi rabin ɗinkin, allura tana soke a jiki.

"Maigidan ya ce in dawo da shi. Ya ce kada in ƙara shigowa."

"Talatu, ke ma?"

"Ni ban ce komai ba." Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Amma ke ba ki ga abin da ke yawo ba ne?"

Ta ciro wayarta ta nuna mata. Hoto ne da wani ya ɗauka daga fuskar wayarsa, ya bi ta hannun mutane har ya iso zauren hirar waya na matan unguwa. Munira ce a ciki, da kaftanin nan mai ruwan goro, tana murmushi. Fuskarta a fili, ba a yanke komai ba. A ƙasa an rubuta sunanta da lambarta, da wasu kalmomi da ba ta iya karantawa har ƙarshe ba.

Kafin yamma sauran mata huɗun ma sun aiko da nasu aikin.

Da Sagiru ya dawo, Munira ba ta jira ya ci abinci ba wannan karon.

"Ka ce daga wuya za ka yanke."

Ya kawar da kai. "Zulkiflu ya ce shafi mai fuskar mutum ya fi riƙe masu shigowa. Na yi niyyar gaya miki."

"Kalmomin da ke ƙasa fa?"

"Waɗannan ba a shafina suke ba." Ya ɗauko kwamfutarsa ya buɗe, ya juyo mata da ita. "Duba da idonki."

Ta duba. Riguna ne a jere, da hotonta a sama, da bayani da Turanci, sai lamba da adireshi. Daga nan sai farin fili har ƙasa. Babu kalmar banza ko ɗaya.

"Kin gani? Mahassada ne suka ɗauki hoton suka yi abin da suka yi." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai in akwai inda kika taɓa tura shi ban sani ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ya kasa haɗa ido da ita, amma bai janye maganar ba. Ya ce ta kawo wayar ya riƙe na kwana biyu, don hankalin Hajiya ya kwanta. Ta ba shi. Da safe ta ji Hajiya tana gaya wa wata maƙwabciya cewa yaron ya ƙwace wayar, Allah ya ba shi haƙuri.

Ranar Litinin Munira ta je Islamiyyar matan aure kamar yadda ta saba. A bencin da suke zama su huɗu, ita kaɗai ta zauna har aka tashi. Ranar Talata Ummukulsum ta dawo daga makaranta ba ta cire hijabi ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, me ake nufi da ana sayar da ke a waya?"

Munira ta jawo ta ta cire mata hijabin, ta ce maganar yara ce, ta je ta wanke hannu. Da yarinyar ta juya baya sai ta ga duhu ya gilma mata, ta dafa bango. Kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba.

Washegari ta nemi izinin zuwa gaida mahaifinta a Ƙofar Galadima. Sagiru ya yarda da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Yayarta Zakiyya tana aiki a ofishin adana bayanai na wata kwaleji, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke leƙa Baba kullum bayan ta tashi. Ta saurari Munira har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta ciro kwamfutar ofis daga jaka, ta rubuta sunan Munira da Zariya a wajen nema.

Hoton ya fito a shafuka fiye da goma, duk na banza, irin na neman mata. Kowanne yana ɗauke da lambarta da linki mai kaiwa zuwa shafin ɗinkin.

"Ba hassada ba ce wannan," in ji Zakiyya. "Mahassadi ba ya yi wa shagonka talla. Wani ne ya bi ya watsa hoton don a riƙa dannawa ana shiga shafinku. Masu gaggawa suna yin haka, wai don injin ya ɗauka shafin ya shahara."

Ta buɗe shafin ɗinkin kansa. Ta daɗe tana kallon farin filin da ke ƙasa.

"Me ya sa shafi zai ƙare a nan, amma a bar fili mai tsawo haka?"

Ta ɗora yatsa ta ja daga sama zuwa ƙasa. Farin filin ya rine ya koma shuɗi, sai ga rubutu ya fito a cikinsa, layi bayan layi, an rubuta shi da farin launi a kan farin shafi yadda ido ba zai gani ba. Lambar matan Zariya. Bazawara mai neman namiji. Matan Arewa masu karɓar baƙi. Kayan mata. An maimaita su sau da yawa, da Hausa da Turanci, kuma a tsakanin kowane layi biyu akwai sunan Munira.

Munira ta karanta duka wannan karon. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, zai yiwu bai sani ba?"

"Zai yiwu. Sai an tambaye shi." Zakiyya ta koma wajen nema ta rubuta ɗinkin hannu na Zariya, ta rubuta babbar riga mai aska. Ta bi shafi na ɗaya, na biyu, har na takwas. "Kin ga abin takaicin? Mai neman riga ba zai taɓa ganinku ba. Ɓoye rubutu da cusa kalmomin da ba su shafi kaya ba, laifi ne a wajen injin, in ya gane sai ya binne shafin. Bayanin rigunan ma kwafo shi aka yi daga wani shago, ga sunan Kano nan sun manta ba su goge ba. Hotunan kuma sun yi nauyi, ba sa buɗewa a waya. Da an rubuta gaskiyar abin da kike ɗinkawa da bakinki, da ya fi wannan sau ɗari."

Mahaifinsu Malam Ya'u tsohon malamin makaranta ne, ba mai yawan magana ba. Ya sa tabarau ya karanta layi uku, ya cire. Ya aika a gaya wa Sagiru yana son ganinsa da manyansa ranar Juma'a bayan la'asar.

Suka zo su uku: Sagiru, da Hajiya Maijidda, da ƙanin mahaifinsa Alhaji Garba. Aka zauna a falon Malam Ya'u. Zakiyya ta ajiye kwamfutar a kan teburi, ta ja yatsa, rubutun ya fito. Alhaji Garba ya sunkuya ya karanta, ya yi salati a hankali. Hajiya ta ce a karanta mata, Zakiyya ta karanta layi biyu, Hajiya ta ɗaga hannu ta ce ya isa.

"Sagiru," in ji Malam Ya'u, "ka san da wannan?"

Sagiru ya daɗe yana kallon kafet. "Baba, Zulkiflu ya turo mini jerin kalmomin. Ya ce su mutane suka fi nema a Arewa, in mutum dubu suka shigo ko goma za su sayi riga. Ya ce inji kaɗai ke karantawa, ba ɗan Adam da zai gani."

"Ka karanta su kafin ka yarda?"

"Na karanta."

"Da sunan matarka a ciki?"

"Na ɗauka abu ne na ɗan lokaci. Ita nake nema wa kasuwa, Baba. Ban ci ko sisi a ciki ba. Watsa hoton kuwa ban san ya kai haka ba."

"Ranar da ka juyo mini da kwamfuta ka ce in duba da idona," in ji Munira, "ka san suna nan?"

Sagiru ya mayar da idonsa kan kafet.

Alhaji Garba ya gyara zama. Ya ce yaro ya yi kuskure, babu mai musu, amma a duba niyya. Neman halal ya kai shi, kuma zamani ne ya zo da abin da ba a saba ba. Yanzu tunda gaskiya ta fito a tsakanin manya, sai a goge abin, Munira ta koma ɗakinta, magana ta mutu a falon nan.

"Baffa, a falon nan ba wanda ya zarge ni," in ji Munira. "A Kwarbai ake zargina. Abu ɗaya nake roƙo. Ya tsaya a dakalin masallaci, inda aka ga mai babur, ya ce shi ya sa aka rubuta. Ya gaya wa mijin Talatu. Shi ke nan, na yafe."

"Ki ce ya je ya tsiraita kansa a gaban unguwa," in ji Alhaji Garba. "Mutumin da ake sa ran ƙarin girma a ofis? Uban 'yarki ne fa."

Hajiya Maijidda ta yi magana ba ta kalli kowa ba. "Na zarge ki, kuma na ga ba ke ba ce. Amma asirin gida mace ke rufe shi. Surutun mutane kwana nawa ne? Mutuncin namiji kuwa in ya zube ba ya kwasuwa."

Munira ta juya wajen mahaifinta. Malam Ya'u ya murza tabaransa a hannu, ya ce a yi haƙuri, a bi abin a hankali, ta ɗan zauna a nan gida tukuna har ƙura ta lafa.

Sagiru ya rufe shafin a yammacin ranar, bai ɗauke shi minti goma ba. Ya aiko mata da wayarta da sabon layi. Amma hotunan da ke sauran shafukan suna nan, don ba shi da iko da su, Zulkiflu kuma ya daina ɗaukar waya.

A Kwarbai kuwa lissafin ya fita daidai yadda mutane suke so. An ƙwace mata waya, an yi zama da manya, an mayar da ita gidan ubanta. Me ya rage a tambaya? A dakali ana ce wa Sagiru ya yi ta haƙuri, jarrabawa ce. Zakiyya ta ji daga bakin wani abokin aikinta cewa in an faɗa wa Sagiru haka sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah dai ya rufa asiri."

Sati uku Munira tana jira. Sau biyu Sagiru ya zo, sau biyu ta tambaye shi ko ya faɗa. Na farko ya ce yana neman lokacin da ya dace. Na biyu ya ce mutane sun fara mantawa, tayar da maganar zai dawo da ita sabuwa. A ranar ce Ummukulsum ta ce ba za ta ƙara zuwa makaranta ba.

Ranar Litinin Munira ta saka hijabinta, ta karɓi takardu huɗu da Zakiyya ta buga mata, ta hau a-daidaita zuwa Kwarbai. Ta shiga Islamiyya ana tsakiyar darasi. Ta gaida malamar, ta nemi minti biyar. Malamar ta yi jinkiri, sannan ta koma gefe.

Mata sun fi talatin a ajin. Munira ta tsaya a gaban allo.

"Kun ga hotona, kun ji abin da aka ce. Ban taɓa tura hotona ko'ina ba. Ga shafin da mijina ya buɗe, yadda kowa ke ganinsa. Ga shi kuma da rubutun da aka ɓoye a ciki. Shi ya ba da izini a rubuta, don a jawo mutane su sayi riga. Ya amsa da bakinsa a gaban mahaifina da mahaifiyarsa da Alhaji Garba. Duk wadda take shakka ta je ta tambayi Hajiya Maijidda, ba za ta yi rantsuwa a kan ƙarya ba."

Ta miƙa takardun. Suka bi benci-benci, ana karantawa ana rufe baki da hijabi. Wata ta matsa ta ba ta wuri. Wata ta kama hannunta ta riƙe. Daga baya can wata dattijuwa ta ce, yadda kowa zai ji, "An zalunce ki, yarinya. Amma kin tona wa mijinki asiri."

Maganar dattijuwar ce ta fi saurin zagaya unguwa. Kwana biyu ana cewa ashe shi ne. A kwana na uku an koma cewa ita ma ba ta kyauta ba, mace mai tarbiyya ba ta kai mijinta gaban allo.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji Garba ya zo shi kaɗai. Ya ƙi shiga falo, ya zauna a zaure. Munira tana bayan labule. Ya ce an ci mutuncin gidansu, Sagiru ya kasa fita masallaci. Sharaɗinsu shi ne ta zo ta durƙusa ta ba mijinta da uwarsa haƙuri, in ba haka ba kowa ya san inda maganar za ta ƙare.

Malam Ya'u ya ɗaga murya kaɗan. "Munira, kin ji. Me kika ce?"

"Baba, kusan wata biyu ana kirana da sunan da ba nawa ba, ba wanda ya aiko a ba ni haƙuri. A abin da na faɗa a makaranta, in akwai kalma ɗaya ta ƙarya, ya zo ya nuna ta, zan durƙusa."

Alhaji Garba ya fara gyara hula, sai Malam Ya'u ya juyo gare shi.

"Alhaji, ranar nan ni na ce ta yi haƙuri a bi a hankali. Na yi kuskure, kunyarku na ji na bar 'yata a rana. Kwana uku ɗanku bai fita masallaci ba kun taso. Ita kusan wata biyu ta yi. Ɗakin uwarta yana nan, ba a cike yake ba."

Alhaji Garba ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Takardar ta iso bayan sati ɗaya, saki ɗaya, a cikin ambulan ɗin ofis.

Sagiru ya koma dakali kafin wata ya ƙare. An yi masa ƙarin girman. Har yanzu in wani a unguwar zai buɗe wa shagonsa shafi, shi ake tambaya, kuma yakan ba da shawara mai kyau: kada a ɓoye rubutu, kada a sayi linki, kada a ba ɗan gaggawa aiki. Yakan ce shi ma an taɓa cutarsa.

Munira tana Ƙofar Galadima, tana ɗinki ita kaɗai, an mayar da Ummukulsum wata makaranta. Waɗanda suka san gaskiya suna gaishe ta a hanya, amma ba su cika tsayawa ba. Duk ranar Asabar Zakiyya takan zauna ta rubuta wa masu shafukan nan, waɗanda ba a san sunansu ko ƙasarsu ba, tana roƙo su cire hoton ƙanwarta. Zuwa yanzu huɗu sun cire. Saura tara.